Kada Ilimin Dajin Dindir Ya Kwana a Durowa Ɗaya

 Ina gaida mutanen Dindir da Sinja da Mai Wurno, da 'yan'uwa na ƙauyukan bakin Rahad, da na Gadarif da Damazin da Jazira, har da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu suke jin mu daga inda Allah ya ajiye su. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Da raƙumin dawa zan buɗe zancen yau. Dattijon da ya haura saba'in a ƙasar nan, in dai ya taɓa bin hanyar Galagu ta cikin dajin Dindir yana saurayi, zai ba ka labarin yadda raƙumin dawa ke miƙa wuya yana tsinkar tohon dushe, ya leƙo ka ta saman itace, sannan ya juya a hankali ya yi gaba. Jikokin dattijon nan ba su san shi ba sai a hoto. Tun cikin shekarun 1980 raƙumin dawa ya ƙare a dajin Dindir. Barewar nan da Larabawa ke kira aril, wadda a da ake ganinta garke-garke, ta riga shi ɓacewa tun wajen 1970. Karkanda da dorina kuwa sun daɗe da tafiya.

To, a bakin wane tafki aka ga raƙumin dawa na ƙarshe? Cikin wane wata? Shi kaɗai ne ko da ɗansa? Rubuta abin da aka gani a sintiri yana cikin aikin ma'aikatan gandun daji, kuma shekara da shekaru ɗaliban jami'a suna zuwa da rani su zauna a bakin ruwa suna ƙirga dabbobi. Ke nan an yi rubutu. Abin tambaya shi ne inda takardun suke yau, da wanda ke da ikon buɗe su ya karanta. Wannan ce maganata: ilimin da aka tara a kan dajin nan, da kogunansa da kifayensa da itatuwansa, bai kamata ya ci gaba da zama a durowa ɗaya, cikin ofis ɗaya, a gari ɗaya ba.

Gandun dajin Dindir, wanda mutanenmu suka fi sani da Hazira, an kafa shi a 1935, zamanin Turawan Ingila. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000, ya jingina da iyakar Habasha, inda ya haɗa kafaɗa da gandun Alatish na can ƙetare. UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da halittunsu a 1979, a 2005 kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Ransa duka yana rataye ne a kan kogi biyu, Dindir da Rahad, masu gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina su kafe da rani. In ruwa ya janye sai ya bar tafkuna a tsofaffin hanyoyinsa, su ne maya, sun haura 40. A bakinsu ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi da mugun dawa ke cin rani, zaki kuma yana laɓe a cikin ciyawa yana jiran rabonsa.

Daji ne da ya sha bincike. A 1972 wani masani Ba'amurke, William Dasmann, ya rubuta wa hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya rahoto a kan dabbobinsa da yadda za a kula da su. Masanan cibiyar binciken namun daji ta Sudan sun yi ta ƙidaya a bayansa. A 2016 duniya ta ji labarin cewa Hans Bauer na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun tabbatar da akwai zakuna a Alatish, daga baya suka haɗu da masanan Sudan suka ƙirga na Dindir, ta hanyar kunna kukan dabba a lasifika da dare su ga wa zai amsa kira, suka ƙiyasta zaki sama da 150. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka musu. Amma kowane irin wannan aiki kashi biyu yake haifarwa. Akwai maƙalar da ake bugawa a mujalla, shafi goma ko ƙasa da haka. Akwai kuma ɗanyen lissafin da maƙalar ta fito daga cikinsa: ranar kaza, wuri kaza, an ga kaza. Maƙala kamar tuwo ce da aka riga aka tuƙa. Ɗanyen lissafi shi ne hatsin, wanda wani zai iya dakawa ya yi fura, wani ya ajiye ya shuka baɗi. Hatsin nan ne ya fi yawan maƙalewa a durowa.

Me ke samun abin da aka bari a wuri ɗaya? Mu dai gani ya kore mana ji. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Gidan adana halittu na Jami'ar Khartum yana tsakiyar gari, dab da hedikwatar soja, inda wuta ta fi zafi. Ma'aikata suka kasa isa wurin. Kadoji da macizai da tsuntsayen da ke raye a ciki suka mutu da yunwa da ƙishirwa, abin da aka shafe shekaru ana tarawa na ƙwari da fatu da ƙasusuwa ya salwanta. A Wad Madani kuwa, a hukumar binciken aikin gona, akwai rumbun iri na ƙasa mai ɗauke da samfur kusan 17,000, na dawa da gero da riɗi da kuɓewa da kankana da sauransu, waɗanda aka bi ƙauye-ƙauye aka karɓo daga hannun manoma. Bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, aka fasa wurin, aka kwashe firij, aka watsar da iri a ƙasa. Abin da yaƙin ya yi wa Sinja da Dindir kanta a daminar 2024 ba sai na tuna muku ba, a kanku ya faru.

Na san wani zai ce: Malam, mutane suna binne 'yan'uwansu, suna neman abin sawa a bakin salati, kai kana zancen takardun tsuntsaye? Gaskiyarka, ɗan'uwa, rai ne gaba da komai. Amma ka tsaya ka ji ƙarshen labarin irin nan na Madani. Tun kafin yaƙi masu kula da rumbun sun aika da wani kaso na irin zuwa Svalbard, wani tsibiri na ƙasar Norway can ƙuryar arewa, inda a 2008 aka buɗe rumbu cikin dutse mai ƙanƙara don kowace ƙasa ta kai ajiya. Wannan kason bai ji ko ƙwarzane ba. Cikin yaƙin ma ba su zauna ba, sai da suka tattara abin da suka iya cetowa, a Fabrairun 2025 suka sake kai ajiya, dawa ce kan gaba. Mutanen Siriya sun riga mu ganin amfanin haka: da yaƙi ya rutsa da rumbun iri na Halab, a 2015 aka je Svalbard aka ɗebo ajiyarsu, aka sake shukawa a Labanan da Maroko. Dawar da jikanka zai shuka a bakin Rahad tana iya zama jikar ƙwayar da wani ya yarda ya raba.

Manomi Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. In ka sami iri mai kyau ka ba maƙwabcinka zangarniya biyu, ranar da gobara ta ci rumbunka, a wurinsa za ka karɓo irinka. Malamanmu ma haka suka yi da littattafai. Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello sun kawo yau ne domin almajirai sun yi ta kwafa da hannu suna kaiwa gari-gari. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azrak, da gafakarsu suka zo a rataye. Littafin da ya ƙone a wani gari, sai a tarar da ɗan'uwansa a wani garin. Turawa ma sai da suka ɗanɗana kafin suka yarda. A daren 1 ga Maris 1943 bama-bamai suka ƙone ɗakin adana busassun tsirrai na Berlin, miliyoyin samfur suka zama toka, har da da yawa daga abin da Georg Schweinfurth ya tsinko a ƙasar Sudan, mutumin da ya ratsa Gadarif da Gallabat a 1865. Ba don an riga an rarraba 'yan biyun waɗansu samfurorin zuwa Kew da Paris da sauran wurare ba, da asarar ta fi haka muni.

Yau kwafa ba ta buƙatar tawada da alƙalamin kara. Tun 2001 gwamnatocin duniya suka haɗa kai suka kafa wani babban rumbun bayanai a intanet mai suna GBIF, ofishinsa yana Copenhagen ta ƙasar Denmark. Abin da ake zubawa a ciki mai sauƙi ne, ko yaron firamare zai gane. Kowane layi amsar tambaya huɗu ce: mene ne aka gani, a ina, yaushe, wa ya gani. Jami'a ko gidan tarihi ko ƙungiya ta tsara nata a tebur ɗaya bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, ta saki, a ba tarin lambar shaida ta dindindin. Daga nan duk mai intanet yana iya saukewa kyauta, kuma duk wanda ya yi aiki da shi ana sa ran ya ambaci mai shi ta wannan lambar. Layukan da ke ciki yanzu sun haura biliyan 3. Fiye da rabi na tsuntsaye ne, domin masu kallon tsuntsaye a Amurka da Turai kullum suna aikawa ta manhajoji irin su eBird. In ka buɗe taswirar rumbun, za ka ga Turai ta cika maƙil da ɗigo, babu masaka tsinke. Ka gangaro Sudan da Chadi da Nijar, sai ɗigo jefi-jefi. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka hamada ce babu rai, alhali rubutunmu ne bai isa can ba. Kuma masu raba kuɗin kare muhalli na duniya da irin wannan taswirar suke yanke shawara.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga zaki da jimina. Mutanen bakin Rahad da Gadarif sun san kalazar, ciwon da ke kumbura saifa ya rame da yaro har ya kai shi kushewa in ba a yi magani ba. Wani ɗan ƙwaro ne ke yaɗa shi, bai kai sauro girma ba, da dare yake cizo. Masanin Sudan Dia-Eldin Elnaiem da abokan aikinsa sun ɗana tarkunansu a cikin dajin Dindir a shekarun 1990, suka nuna cewa ƙwaron nan ya fi son inda dushe da aduwa suka yi kurmi a kan baƙar laka mai tsagewa da rani. Da aka haɗa wannan da lissafin ruwan sama da tsayin ƙasa, aka zana taswirar ƙauyukan da suka fi shiga haɗari. Ka ga ilimin itace da ƙwaro ya koma ilimin inda za a kai gidan sauro da magani. Irin wannan taswira ba ta tsufa da kyau, domin ana sare daji, mutane suna ƙaura, yanzu ma yaƙi ya tura dubbai zuwa wuraren da ba su saba ba. Wanda zai sabunta ta yana buƙatar tsohon lissafi a hannu, wuri da rana da adadi, don ya gwada da na yau.

Haka zancen maya. Duk masunci ya san waɗansu sun cike da laka, ba sa riƙe ruwa zuwa bazara kamar da. Ana ta jayayya a kan dalili: wani ya ce manyan gonakin tarakta ne da suka cinye dajin Gadarif, wani ya ce zaizayar tsaunukan Habasha, wani ya ɗora wa shanu. A 2008 Amurka ta buɗe hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ga kowa, hotunan da suka faro tun 1972. Tun daga ranar, ɗalibi a Sinnar yana iya jera hoton maya ɗaya na shekara arba'in ya ga yadda take tsukewa. Sai dai tauraro ba ya ganin tarwaɗa, ba ya ganin gaiwa a cikin laka, ba ya sanin shekarar da kwasakwasa ta daina sauka. Wannan sai mutumin ƙasa. Hoton sama a buɗe yake, lissafin ƙasa a kulle, shi ya sa jayayyar ba ta ƙarewa, kuma in jayayya ta yi tsawo a kan talaka take faɗuwa, shi ake cewa ya ɓata daji.

Nan ne na zo inda abin ya fi taɓa ni. Ina da kawu masunci, Allah ya jiƙansa. Wata shekara wani mai bincike daga wata jami'a ya sauka a ƙauyenmu, ya kwana uku tare da shi. Kawu ya baje masa kifi a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Wannan karfasa ce, Larabawa su ce bulɗi. Wannan tarwaɗa, su ce garmuɗ. Ga kurungu, ga ragon ruwa, ga mijiriya, kada ka taɓa ta da hannu. Ya gaya masa wanda ke hawowa da ruwan farko, da wanda ke yin ƙwai a cikin ciyawa, da wanda ya yi ƙaranci tun bayan farin 1984. Baƙo ya cika littafi, ya yi godiya, ya tafi. Shekaru bayan haka, duk sanda na je gaida kawu sai ya ce da ni: “Ɗan nan, yaron da ya rubuta kifayena, ya isa gida lafiya kuwa?” Ina ce masa, “Ya isa, Kawu, in sha Allahu.” Har ya koma ga Mahaliccinsa ko shafi ɗaya bai dawo masa ba, ko a karanta masa ya ji an rubuta daidai.

Wannan tsohuwar ɗabi'a ce a fagen nan. Itacen da Bahaushe ke kira tuna, sunansa na kimiyya yana ɗauke da sunan Theodor Kotschy, Bature ɗan ƙasar Austriya da ya zaga Sinnar da Fazugli yana tsinkar ganye wajen 1837. Shamuwa, wadda Larabawan nan ke kira simbiriya, sunanta na kimiyya na wani gwamnan Turkawa ne da ya yi mulki a arewacin Sudan. Mutanen da suka nuna hanya, suka hau itace, suka faɗi suna da amfani, babu su a takarda. A ƙasar Hausa ma, littafin sunayen tsirrai da likita J. M. Dalziel ya buga a 1916 cike yake da ilimin manoma da masu magani da mata masu tsinkar ganye, sunansa kaɗai ke bango. Ban raina aikin mutanen nan ba, domin ba don sun rubuta ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma mu muna da tarbiyyar da ta fi wannan. Malaminmu ba ya ba da karatu sai ya faɗi wanda ya karɓa daga gare shi, shi ma daga wa, har sama. Mai kwafar littafi yana rubuta sunansa a ƙarshe ya roƙi addu'a. Tebur ɗin GBIF yana da gurbin sunan wanda ya gani, yana da gurbin sunan halitta a harshen mutanen wurin. In kawu ya yarda, a sa sunansa. A sa tarwaɗa kusa da garmuɗ kusa da sunan Latin. Babu abin da ya hana sai rashin kula.

Masu ɗari-ɗari da sakin bayanai suna da hujja, kuma ba zan share ta ba. Malamin jami'a zai ce: na yi rani uku a daji da kuɗin aljihuna, na sha zazzaɓi, in na saki lissafina wani mai kwamfuta mai ƙarfi a Turai zai riga ni bugawa. Wannan yana faruwa. Maganinsa shi ne ya riƙe na shekara ɗaya ko biyu ya fitar da maƙalarsa, sannan ya saki da sharaɗin a ambace shi, kuma jami'o'inmu su riƙa lissafa tarin bayanan da malami ya saki cikin abin da ake ƙara masa girma da shi, kamar yadda suke lissafa maƙala. Riƙewar shekara ashirin kuwa ba ta da uzuri, gara ce kawai ke cin ribarta, ko wuta.

Ma'aikacin gandu zai ce: in na bayyana inda zaki ke kwana ko inda jimina ke ƙwai, ai na yi wa maharbi jagora. Shi ma gaskiyarsa. Shi ya sa manhaja irin iNaturalist take dushe ainihin wurin da aka ga dabbar da ke cikin haɗari, ta nuna yanki mai faɗi kawai. Ana iya cewa an ga zaki a Dindir cikin watan kaza ba tare da an faɗi gindin itacen ba.

Tsoron da ya fi nauyi a wurina shi ne na mutumin ƙauye. Tun da aka faɗaɗa iyakar Hazira a shekarun 1980 waɗansu ƙauyuka suka wayi gari a cikinta, tsakanin jama'a da hukuma ba a rasa tsama a kan kiwo da zuma da su da itacen wuta. Mutumin da ya gaya wa baƙo inda yake ɗiban zuma yana da dalilin fargabar kada maganarsa ta dawo masa a matsayin tara. Mu Hausawan Nilul Azrak kuma, bayan rikicin da ya rutsa da mu a 2022, mun san yadda zancen ƙasa da wa ke da ita yake saurin kama wuta. Saboda haka sunan mutum da gonarsa da wurin sana'arsa ba kayan sakewa ba ne sai da yardarsa, bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Sirrin magani kuma nasa ne. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa wanda zai ɗauki tsiro ko ilimin gargajiya ya yi kasuwanci da shi sai ya nemi izini ya kuma raba riba, a taron Cali na 2024 aka kafa asusun da kamfanoni za su riƙa zubawa in sun ci moriyar bayanan ƙwayoyin halitta da ke intanet. Sudan ta daɗe tana bayarwa. Dawar fatarita da ciyawar da Amurkawa har yau suke kira ciyawar Sudan, wadda aka kai musu daga Khartum a 1909, sun yi wa noman Amurka hidima mai yawa. Hakkinmu ne mu buɗe ido. Amma ƙidayar gwambaza a bakin maya, da ranar da kogi ya kawo ruwa, da jerin tsuntsayen Galagu, babu kamfanin da zai yi arziki da su, mu ne muke asara in sun ɓata.

Kuma sakewa ba ta cika ba in ta tsaya a Turanci a kan intanet. Mujallu da yawa suna neman dala 30 ko 40 kafin ka karanta maƙala ɗaya, waɗanda ke buɗe wa mai karatu kyauta kuma sukan nemi dubban daloli daga marubuci. Ko an cire wannan shinge, mutumin da ba shi da lantarki bai ga komai ba. Mai binciken da ya ci tuwon ƙauye, bashi ne a kansa ya dawo da shafi biyu cikin Larabci da Hausa, da boko ko da ajami, ya ba shehun gari da shugaban makaranta, ya zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar ya karanta wa waɗanda suka ba shi labari. A nan ne ma za a gyara masa kuskure, domin tsohon masunci ba zai bari a kira kurungu da sunan wani kifi ba.

'Yan'uwanmu na Najeriya sun nuna cewa abin yana yiwuwa da ɗan abin hannu. A ƙarshen 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen ƙasar. Aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai ya shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa 2 yana rubuta duk tsuntsun da ya gani a wayarsa, ya aika. Samari da 'yan mata na arewa suka kafa tasu tawagar, Arewa Atlas Team, suka bi Kano da Jigawa da Katsina da fadamun Haɗeja da Nguru suna cike gurbi, abin da suka tara kuma a buɗe yake ga kowa. Yawancinsu ɗalibai ne. Abin da ɗan Dutse ya iya, ɗan Dindir ma zai iya. Ku kuma na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da kuke jin mu, gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Ku duba ɗakunan tsirrai da kundayen digiri da ke jibge a jami'o'inku, ku tambaya ko akwai kwafinsu a wani wuri.

Kirana na farko ga malaman Jami'ar Sinnar da ta Jazira da ta Khartum ne, da cibiyar binciken namun daji, da hukumar da ke kula da Hazira. Duk wanda ya tsira da littafin sintiri, ko kundin digiri, ko tsohuwar kwamfuta mai lissafin ƙidaya, ya ɗauki hoton kowane shafi da waya tun yau, ya aika wa mutum uku a gari uku, kafin a zo maganar tsarawa da sakewa. Tsofaffin ma'aikatan gandu da suka yi ritaya, a je a same su da rikoda tun suna da rai, da tsohuwar zuma ake magani. Masanan ƙetare da suka yi aiki a dajin nan, ku dawo mana da kwafin abin da kuka ɗauka, ɗanyensa, ba maƙala kaɗai ba.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, na Dindir da Mai Wurno da ƙauyukan Rahad, ga aikin da ba ya buƙatar izinin kowa. Ku sami littafi ɗaya a makarantarku. Bana in shamuwa ta sauka a kan tsamiyar garinku, ku rubuta ranar, da yawan sheƙar da ta yi, da sunan wanda ya fara ganinta. Ku rubuta ranar da kogi ya kawo ruwa da ranar da ya yanke. Ku zauna da kakanninku su faɗa muku sunan kowane kifi da kowane itace da Hausa da Larabci, ku sa sunansu a gefe in sun yarda. Sannan ku kwafa, ku aika wa makarantar garin da ke gaba da ku, su ma su aiko muku da nasu.